Darasi na Shida: Barcin Jariri, Awonsa da Koya Masa Fo

Sabon jariri yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, amma ba a jere ba. Cikinsa ƙarami ne, nono ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa yake farkawa bayan awa biyu ko uku. Mai jego, kada ki ce ɗanki rigimamme ne. Yunwa ce. Ba shi nono, dare ko rana. Ruwa da jiƙo kuwa a dakata da su sai ya cika wata 6. Ko a zafin Afrilu nonon uwa ya ishe shi.

In ya yi barci, kwantar da shi rigingine. Iyayenmu sukan ce rub da ciki ya fi sa yaro dogon barci. Amma jariri bai iya ɗaga kai sosai ba, hancinsa na iya nutsewa a katifa ba wanda ya sani. Shimfiɗa ta zama mai ɗan tauri, ban da filo, a saki gidan sauro. Da hunturu kada a rufe ɗaki da kaskon garwashi a ciki. Iskarsa na kashewa, ba ta ma da wari.

Kwanakin farko jariri yakan ɗan rame, kafin sati biyu ya mayar. Wajen wata 5 zuwa 6 nauyinsa yakan ninka na ranar haihuwa. Ki riƙa kai shi awo, a rubuta a kati.

Yanzu ga abin da na fi so mu tsaya a kai. Kin sha ganin kaka ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kansu yana fuskantarta, hannunta tallafe da ƙeyarsa, tana cewa "ssss". Kafin ka ce kwabo ya yi fitsari. Ba sihiri ba ne, lura ce. Ta san lokacinsa: da zarar ya farka, ko bayan ya sha nono. Ta san alamunsa: mutsu-mutsu, nishi, yamutsa fuska, ko sakin nono yana cikin sha. Ke ma za ki iya. In wuyansa bai yi ƙwari ba, kada ki saki kansa. In ya fara zama, ki ɗora shi a fo na ɗan lokaci. Wanki zai ragu, kuɗin famfas zai ragu, ƙurajen ƙunzugu ma haka.

Sai dai ki sani, ke ce kike gane lokacin, ba shi ne yake riƙewa ba. Yaro ba ya iya riƙe fitsari da kansa sai ya haura shekara ɗaya da rabi, wani har uku. Raina yana ɓaci in na ga ana daka wa ɗan wata takwas tsawa don ya jiƙa zani. Me ya sani?

Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta kamar na babba. A zuba shi a masai, a wanke fo, a wanke hannu da sabulu.

Aikin gida: gobe ki rubuta ƙarfe nawa ɗanki ya farka, ƙarfe nawa ya yi fitsari. Ki zo aji da takardar, mu karanta tare.