Yadda ake maganin farin ƙuda a jikin sure da zoɓo

Jama'a masu shuka sure a bayan gida ko a fadama, idan ka girgiza shuka ka ga wasu ƙananan ƙwari farare sun tashi buu sannan suka koma suka zauna, toh farin ƙuda ne ya shigo maka. Girmansa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba amma ɓarnar da yake yi ba ƙarama ba ce, kuma ba sure kaɗai yake ci ba, kuɓewa da rama da auduga da tumatir da ita fulawar hibiskus da ake shukawa don ado a ƙofar gida duk abincinsa ne. Shi ya sa masu noman rani a Kwalkwalawa da Goronyo da Wurno suka san shi sarai.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne waɗanda ke tashi ɗin nan iyaye ne, ainihin aikin yana ƙarƙashin ganye. Juya ganye ɗaya ka kalla da kyau cikin haske, za ka ga wasu abubuwa shafe-shafe masu ruwan ɗorawa-ɗorawa sun manne ba su motsi, ɗiyan ne ke nan suna tsotsar ruwan ganyen dare da rana, kusa da su kuma ƙwai ne ƙanana waɗanda da ƙyar ido ke gani. Daga ƙwai zuwa babba a zafinmu na Sakkwato kamar sati uku ne. Sai ka ga mutum ya cika famfo ya bi gona yana feshi ta sama, ganye ya jiƙe ya yi sheƙi, shi ya tafi gida da murna alhali maganin bai taɓa ko ɗaya daga masu ɓarnar ba, bayan kwana biyu ya ce an sayar masa da jabu.

Alamominsa: ganye ya yi ɗorawa ya nannaɗe, ka taɓa ka ji danƙo a hannu irin na darɓa, wannan kashinsu ne mai zaƙi, daga baya wani baƙin abu kamar kunkunniya ya rufe ganyen ya hana shi shan rana. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a kan shukar su ma zaƙin suke bi. Mafi muni kuma ƙwaron yana ɗaukar cutar da ke murɗe ganyen kuɓewa da tumatir daga wannan shuka zuwa waccan, ita kuwa in ta kama babu feshin da ke warkar da ita, tumɓuke shukar kawai za ka yi ka fitar da ita daga gonar.

Toh mi za a yi? Fara da hannu. Ganyen ƙasa da suka cika da ɗiyan a tsinke su a sa a leda a ɗaure a kai nesa ko a ƙone, kar a zubar gindin shukar. In shukar ba ta da yawa irin ta cikin gida, ɗauki tiyo ko buta ka watsa ruwa da ƙarfi ta ƙarƙashin ganyen da sassafe, ai shi ya sa in damina ta kankama ba ka cika ganinsu ba, sai ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba daidai lokacin da zoɓo ke fidda fure sannan su dawo.

Sai dogon yaro, wanda Allah ya hore mana shi a kowace unguwa muna ta tattake ɗiyansa a ƙasa. Ɗiyan sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsince nunannu, a wanke a shanya a inuwa su bushe, a ɓare a daka ƙwayar ta yi laushi, kamar rabin kilo a zuba cikin ruwa lita 10 ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai kyau sau biyu don kar ya toshe bakin famfo. A narka ɗan sabulu a zuba ciki, shi ke sa maganin ya kama ganye kuma shi kansa sabulun yana kashe ɗiyan ƙwaron in ya taɓa su. Sabulun salo ko na wanka marar turare ya isa, amma don Allah ban da garin wanki na leda, yana ƙona ganye wallahi. In ma dogon yaron bai samu ba ruwan sabulu zalla yana aiki, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lita ɗaya, a fara gwadawa a kan shuka biyu a jira kwana ɗaya a gani.

Feshin kuma da yamma bayan la'asar sakaliya, don zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 in ya haɗu da sabulu a kan ganye sai ya soye shi, kuma rana tana kashe ƙarfin dogon yaron da wuri. Juya bakin famfo ya kalli sama, ka duƙa, ka bi ƙarƙashin ganye har ya riƙa ɗiga. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar. Nan ne inda yawancin mutane ke gajiya, don feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai, dole a maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7 har sau uku ko huɗu, yadda duk wanda ya ƙyanƙyashe zai tarar da magani kafin ya girma shi ma ya saka nasa ƙwan.

Akwai kuma tarko mai sauƙi, ƙwaron yana son launin ɗorawa. Yanka tsohuwar jarkar mai ɗin nan mai ruwan ɗorawa falle-falle, shafa mata basilin ko giris, kafa a sanda daidai tsayin shukar. Ba zai gama da su ba gaskiya, amfaninsa ka san ranar da suka shigo da kuma ko feshinka yana ci.

Maganin kanti fa? Ni ba na hana mai babbar gona, amma irin su cypermethrin da lambda da ake kwasa a kasuwa farin ƙuda ya saba da su a wurare da dama, sai su kashe ƙwarin da ke cin shi su bar shi yana ta hayayyafa. Wanda aka rubuta imidacloprid ko acetamiprid a jikinsa ya fi kama shi don yana shiga jikin shuka, toh amma shigar nan ita ce matsalar mai sure, tunda ganyen nan miya za a yi da shi, zoɓon kuma jiƙawa za a yi a sha. Duba lambar NAFDAC, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, kar a fesa lokacin fure saboda zuma, kar kuma a yi ta maimaita iri ɗaya. Sniper kuwa ko kusa kar ya zo kan abin da za a ci.

A rage yuriya ma, yawanta na sa ganye ya yi taushi lagwai-lagwai wanda shi ƙwaron ya fi so, takin gida ya fi. A nome ciyawar gefen gona, kuma in an gama cire kuɓewa ko tumatir kar a bar tsoffin karan tsaye kusa da sabuwar shuka, daga can suke ƙaura. In maƙwabcinka na fadama ya bar nasa, je ka same shi da lalama ku sa rana ɗaya ku yi feshin tare.