Naman Sallah da ƙwayoyin hanji: inda ake yin kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton kwana uku ko huɗu na soyayyen nama da kitse ba su isa su taɓa komai a ciki ba. Sun isa. A wani bincike da aka wallafa a 2014, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ɗora mutane a kan nama, ƙwai da cuku zalla har kwana biyar. Kafin kwanakin su cika, ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanji sun sauya. Maiƙo yana sa hanta ta ƙara sako ruwan matsarmama, sai ƙwayoyin da ke jure wannan ruwa, irin su Bilophila, su yawaita. Ƙwayoyin da ke cin dusar hatsi da ganye kuwa, irin su Roseburia, sai su ragu, alhali su ne ke samar da sinadarin da bangon hanji ke rayuwa da shi.

To, laifin ba na kitse kaɗai ba ne. Ranar layya tuwo da miya sukan ɓace daga gida, kowa ya koma gindin kasko, ƙwayoyi masu amfani su kwana da yunwa. Gyaran ba wuya: a ci naman, amma a ajiye kwaɗon zogale ko rama kusa, a yi miyar kuka ko kuɓewa, a sha kunun geron da ba a tace dusarsa duka ba.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne rugawa kemis. Ciki ya ɗan kumbura, sai a haɗiyi Flagyl, wai wankin ciki. Wannan magani yana kashe ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iskar oksijin, kuma akasarin na hanji irin su ne, masu amfani da marasa amfani. A binciken nan na Harvard, kwana biyu da daina cin naman hanjin ya koma yadda yake. Ɓarnar maganin kashe ƙwayoyi kuwa takan ɗauki makonni.

Yogot mai sukari ma ba ya maye gurbin ganye. Wake yana da kyau, sai dai a shigo da shi kaɗan-kaɗan, in ba haka ba iska ta cika ciki. Idan gudawa ta zo da jini ko zazzaɓi, wannan ba na maiƙo ba ne, a tafi asibiti.