Yadda ake tono tarihin ƙaramar ƙungiya a gasannin Afirka

Wani yaro ne a teburin mai shayi a Tudun Wada ya ce wai Ranchers Bees ta Kaduna ba ta taɓa taka leda a wajen Najeriya ba. Ban tanka masa ba. Na koma gida na ɗauko biro da littafi. In kai ma akwai ƙungiyar garinku da ake rainawa, ga yadda nake bi.

Fara da sunanta, domin ƙungiyoyinmu sauya suna suke kamar riga. Ranchers ɗin nan DIC Bees ake ce mata a da, Heartland ta Owerri kuwa Iwuanyanwu Nationale ce har 2006. Ka nemi sabon suna kaɗai a intanet, rabin tarihin ya wuce ka.

Sai sunan gasar, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Kofin da Ranchers ta kai wasan ƙarshensa a 1988, wato African Cup Winners' Cup, babu shi yanzu. Na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale ne a ƙasashensu, kuma a 2004 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta haɗe shi da Kofin CAF aka sami Kofin Confederation. Duba jerin Confederation har ka gaji, ba za ka ga Ranchers ba, sai ka ɗauka yaron ne da gaskiya. Ni shafin RSSSF, mai taskance sakamakon wasannin ƙwallo a intanet, nake buɗewa in bi shekara-shekara. Ba hoto, ba ado, baƙin rubutu ne zalla, amma sakamakon yana nan.

Kowane zagaye ka rubuta wasan gida, wasan waje, sannan jimilla. CA Bizertin ta Tunisiya da ƙwallo ɗaya tak cikin wasanni biyu ta raba Ranchers da kofin na 1988, abin da har yau yake min ciwo. Ka kula da dokar ƙwallon waje. A 2009 Kano Pillars ta yi 1-1 da Al Ahly a Kano, 2-2 a Alƙahira. Wanda ya ga 3-3 kawai zai zaci fenariti aka buga, alhali ƙwallaye biyun da aka zura a Masar ne suka tsallakar da Pillars.

Kofin WAFU da Ranchers ta ɗauka a 1989 kuwa, ware masa shafinsa daban. Na yankin Afirka ta Yamma ne, ba na nahiya ba. Ka cakuɗa su, yaron da ya ƙware da waya zai kama ka tun shayinka bai huce ba.