Gyaran tsohon soron ƙasa kafin damina ta faɗi

Kafin ka taɓa ko tubali ɗaya, bincika matsayin ginin. A Kamaru, doka mai lamba 2013/003 ta 18 ga Afrilu 2013 ce ke kare kayan tarihi, kuma ginin da hukuma ta sa cikin rajista ba a rushe shi ko a sauya masa kama sai da izini. Je ofishin Ma'aikatar Fasaha da Al'adu na yankinku, Garwa ko Marwa ko Ngaundere, da hotunan kowane bango da awonsa. In zauren fada ne, a fara da sanar da lamiɗo.

Ruwa ne ke kashe ginin ƙasa, don haka daga sama ake farawa. Duba indararo. Wanda ya toshe ko ya gajarta yakan zubo ruwa a jikin bango, ya ci gindinsa. A sa mai tsawon da zai jefa ruwan nesa. Sai azara: ƙwanƙwasa kowace ɗaya, wadda ta yi ƙarar fanko gara ta cinye cikinta. A tokare rufin tukuna, sannan a zare ta a sa ta giginya da ta ƙosa. Azara ɗaya kada ta haye fiye da mita 2 ba madogara, za ta lotsa.

Wajen yaɓe ne aka fi yin ɓarna. Don Allah a bar siminti. Yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, ran da ya ɓamɓare sai ya taho da rabin bango. A nemo birji, wato ƙasar gini, mai kama da na asali, a kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana uku zuwa bakwai ana yayyafa ruwa. Gwada tafin hannu guda a gefe: in ya tsattsage da ya bushe, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi, in yana marmashewa, rage. Kankare abin da ya saki, jiƙa bangon, yaɓa kaurin santimita 2, ka jira ya sha iska kafin ka ƙara wani. Shafi na ƙarshe da makuba, wato ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa.

Zanen bango da zankwaye a bar wa tsofaffin magina, su suka san hannun. A kammala komai cikin rani, kafin ruwan farko ya sauka.