Yadda ake tafiyar dala ɗaya a motar kwana a Ostireliya da Niyu Zilan

Ranar farko da na ga tallar mota mai gado da kicin da firji a ciki, wai hayarta dala 1 kacal a rana daga Adelaide zuwa Perth a Ostireliya, na ɗauka damfara ce irin ta intanet. Ashe gaskiya ne. Kamfanonin da ke bada hayar waɗannan motoci, irin su Britz da Maui da Apollo da Jucy, matsalarsu ɗaya ce: 'yan yawon buɗe ido su ɗauki mota a gari ɗaya su ajiye ta a wani garin su hau jirgi su wuce, motoci su taru a inda ba a buƙatarsu. Maimakon kamfani ya biya direba ko ya ɗora ta a tirela, sai ya baka ita kusan kyauta ka kai masa. Kamar dai yanda ake ba direba mota daga Legas ya kawo ta Kano, illa dai nan ba a biyanka, ladan naka shine gadon da zaka kwana da hanyar da zaka gani. Su suna kiran motar kamfaban, tsarin kuma rilokeshan.

Amma fa dala ɗayan nan ba ita ce kuɗin tafiyar ba, kuma wanda bai gane haka tun farko ba, zai iya kashe fiye da kuɗin jirgi ya dawo yana cizon yatsa. Toh ga yanda ake bi.

Da farko ka buɗe asusu a shafukan da ke tara irin waɗannan tayin, manyansu Imoova da Transfercar, in kuma kana Turai akwai Movacar. Ka saka garin da kake, ka kunna sanarwa ta imel. Tayin ba ya fitowa wata shida kafin lokaci, yawanci kwanaki kaɗan ne zuwa 'yan makonni, kuma mai kyau baya kwana, don haka wanda ya riga ya tsaida ranar tafiya da garin da dole sai can zai je, wannan harkar ba tasa bace. Ka bar motar ta zaɓa maka hanya. A Niyu Zilan misali yawancin baƙi a Auckland suke sauka su gangara kudu su ajiye mota a Christchurch ko Queenstown, shi yasa tayin da ya fi yawa na maida mota ne daga kudu zuwa arewa. In kana son samu da sauƙi sai ka bi akasin inda jama'a ke bi.

Abu na biyu, kuma nan ne nake so ka zauna da biro da takarda, shine lissafi kafin ka danna komai. Kowane tayi yana zuwa da kwanakin da aka baka, da iyakar kilomita, da abun da kamfani ya ɗauki nauyi, wani zai ce an baka tankin mai ɗaya, wani ya ce zasu maida maka kuɗin mai har zuwa adadi kaza in ka kawo rasit, wani kuma babu ko sisi. Ɗauki Adelaide zuwa Perth, kusan kilomita 2,700 ne. Babbar mota mai bayi da wurin wanka a ciki takan sha lita 12 zuwa 14 na dizal a duk kilomita 100, kaga kana maganar lita wajen 350 kenan, sai ka ninka da farashin lita na ranar, ka ƙara wani abu a kai tunda a tsakiyar hanyar Nullarbor, wato ƙaton filin daji da ke tsakanin garuruwan biyu, mai ya fi na birni tsada sosai. Bayan nan sai tikitin komawa gida, wanda shine mutane suka fi mantawa, ka kai mota Perth lafiya lau amma kai kana zaune a Adelaide, da me zaka koma? Ka duba kuɗin jirgin tun kafin ka karɓi tayin, ba bayan ka isa ba. Akwai kuɗin kama tayin da wasu shafukan ke cira, akwai kuɗin zanin gado da kayan kicin da wasu kamfanoni ke sawa daban, akwai kuɗin gas na girki. A Niyu Zilan motar dizal tana da wani haraji na hanya da ake biya bisa kilomita, ka tambaya ko yana cikin tayin ko kanka zai faɗo. In ka tara duka ka raba da yawan mutanen da ke cikin motar, sai a lokacin zaka san ko riba ce. Mutum ɗaya a doguwar hanya ba tare da kyautar mai ba, gaskiya sau da yawa ba ta fita. Mutum uku ko huɗu kuwa, ko mai iyali, ta fita ƙwarai, don kun huta da kuɗin otal da na gidan abinci gaba ɗaya.

In hanyarka ta haɗa da tsallake ruwa, wato daga Picton zuwa Wellington, tsakanin tsibirin kudu da na arewa a Niyu Zilan, tafiyar kamar awa uku da rabi a jirgin ruwan Interislander ko Bluebridge, ka karanta da kyau. Tayin da ya fi daɗi shine wanda aka biya wa motar da direba kuɗin jirgin, sauran fasinjoji su biya nasu. Wanda ba a biya ba, kuɗin tsallakar da doguwar mota kaɗai zai iya cinye duk abun da kake ganin ka tara.

Sai maganar kuɗin jingina da inshora. Ranar ɗaukar mota zasu riƙe wani kuɗi a katinka, sau da yawa dala 1,000 ko fiye, wasu riƙewa kawai suke yi wasu kuma cirewa suke su maido bayan kwanaki, kuma da yawansu sun fi son katin bashi mai sunan direban a jiki. Wannan kuɗin shine abun da zasu taɓa in motar ta samu ko da ƙarzuwa. Zasu yi maka tayin biyan wani abu kullum don a rage shi, ni a ganina in hanyar doguwa ce kuma baka saba da babbar mota ba ka biya, hankalinka ya kwanta. Ka tambayi ko gilashin gaba da taya da rufin sama suna ciki, don sau da yawa basa ciki, kuma rufin nan shine sabon direba ke bugawa da reshen bishiya ko ƙofar wurin fakin tunda ya manta tsawon abun da yake ja. Lasisi kuma, ka tafi da naka na asali tare da na ƙasa da ƙasa, a Najeriya hukumar FRSC ke bayarwa, sannan yawancin kamfanoni sai ka kai shekara 21. A ƙasashen biyu hannun hagu ake tuƙi, mu da muka saba da hannun dama sai an natsu sosai a shataletale da kuma lokacin fitowa daga gidan mai.

Kafin ka tada mota ka zagaye ta da waya kana ɗaukan bidiyo, gaba da baya da ƙasa da sama, ciki da waje, agogon mai da na kilomita, a gaban ma'aikacin. Minti biyar ne amma su ne shaidarka.

A hanya inda kuɗi ke zuba shine abinci da wurin kwana. Ka tsaya a babban kanti tun a birni, Aldi ko Coles ko Woolworths, a Niyu Zilan kuma Pak'nSave, ka cika firji, ka nemi mahautar halal ka sayi namanka tun nan don in ka shiga daji ba zaka samu ba. Mu shinkafa da taliya da ƙwai da yaji muka ɗauka, kuma wallahi dafadukan da muka yi a bakin tsaunin da ke kallon teku a Nullarbor, iska na kaɗa labulen motar, har yau ina tuna ta. Sai dai kar ka jibgi kayan marmari da ganye da zuma in zaka shiga jihar yammacin Ostireliya, akwai shingen bincike a Border Village, karɓewa zasu yi. Wurin kwana kuma ka sauke manhajar CamperMate ko WikiCamps, zasu nuna maka inda ake kwana kyauta da inda ake zubar da ruwan datti da inda ake cika na sha. A Niyu Zilan wurare da yawa na kyauta sai motar da ke da shaidar cewa tana da bayinta a ciki, in ka kwana inda aka hana tara ce mai zafi. Duk bayan kwana biyu ko uku ka biya wuri mai lantarki ka caja batir ka yi wanka mai kyau.

Kar ka yi tuƙin dare a dajin Ostireliya, daga magariba zuwa wayewar gari kangaru ke fitowa kan titi, kuma wasu kamfanoni sun rubuta ƙarara cewa inshora ba ta ɗauke da haɗarin dabba da dare. Ka raba kilomitarka da kwanakin da aka baka, in ka ga kullum sai ka yi fiye da 500, toh aikin direba ka ɗauka, ba abun da zaka gani sai kwalta. Gara ka sayi ƙarin kwana ɗaya ko biyu tun lokacin da kake kama tayin in sun yarda, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ka makara. Kuma duk gidan man da ka gani a Nullarbor ka cika, akwai inda zaka yi kusan kilomita 200 babu wani.

Ranar maidawa ka san ƙarfe nawa suke rufe karɓa, wasu tun 3 ko 4 na yamma. Ka cika mai daidai yanda aka baka, ka share ciki, ka wanke kwanuka, ka zubar da tankin ruwan wanke-wanke da na bayi a wurin da aka tanada. A tafiyata ta farko na bar tankin bayin ban zubar ba don ina sauri, kamfanin ya cire kuɗin shara daga jinginata wanda ya fi kuɗin hayar kwanakin gaba ɗaya sau da yawa, abun ya min ciwo don aikin minti goma ne. Ka miƙa rasit ɗin mai in akwai alƙawarin maidawa, ka sa ma'aikacin ya zagaya motar tare da kai ya sa hannu cewa lafiya take, ka ɗauki hoton takardar kafin ka kama hanyar filin jirgi.