Yadda ake kula da rumfar tamfol ta daɗe ana morarta

Duk wanda ke ba da hayar kanofi da kujeru, ko yake da rumfar tamfol a gaban shagonsa, ya san jari ne mai tsada. Abin takaici, yawancin rumfunan da ke lalacewa tun ba su tsufa ba, a wajen sauke su da ajiye su ake yi musu illa. An tashi daga biki cikin dare, yara sun gaji, sai a tattare tamfol da raɓarsa a jefa a bayan mota. Daga nan lalacewa ke farawa.

Kafin komai ka san irin tamfol ɗin da ke hannunka. Akwai mai kauri da aka lulluɓe da roba ta PVC, wanda aka fi yin kanofin biki da shi. Akwai na zaren auduga, mai sanyi a ƙarƙashi amma mai saurin kama funfuna. Sai kuma shuɗin nan na leda mai arha, wanda rana ke cinye shi da wuri duk yadda aka lallaɓa shi. Idan na auduga ne sabo, kafa shi ka jiƙa shi da ruwa ka bar shi ya bushe kafin ka fara aiki da shi, domin zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura.

Wajen kafawa, ka guji ƙarƙashin bishiya ko da inuwarta ta ba ka sha'awa. Kashin tsuntsaye da ƙaron itace suna cin jikin tamfol, busasshen reshe kuma yana iya huda shi. Ka nisanta shi da murhun masu girki da salansar janareto. Sannan ka ba shi gangare, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, kuma ka ja shi ya miƙe ba tare da ka matsa wa ɗinkin ba. Wannan batu na gangare ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka idan ruwan jarka mai lita 20 ya taru a tsakiyar rumfa, kilo 20 ke nan suke danna wuri guda. Tamfol ya buɗe ya yi tumbi, kuma ba ya komawa yadda yake, sai ma ya riƙa tara ruwa a nan duk lokacin da aka yi ruwan sama.

Turakun igiya a kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da rumfar, don kada igiya ta zare su. A kan daɓen siminti inda turke ba zai shiga ba, a ɗaure ƙafafun da buhunan yashi. Idan kuwa hadari ya haɗo da irin iskar nan ta farkon damina, shawarata ka sauke tamfol ɗin ka bar ƙarafan tsirara. Babu igiyar da za ta riƙe rumfa idan iska mai ƙarfi ta shiga ƙarƙashinta, kuma ƙarfen da ya tashi sama yana iya raunata mutum.

Sai wanki. A lokacin hunturu ƙura ce babbar matsala, kuma tana da kaushi, saboda haka a fara kakkaɓe ta a bushe da tsintsiya mai laushi kafin ruwa ya taɓa wurin. Bayan haka a shimfiɗa tamfol a kan tabarma ko wuri mai santsi, a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da soso, da sabulu mai sauƙi kaɗan inda datti ya kama, a ɗauraye sosai. Kada a yi amfani da omo mai ƙarfi ko ruwan bilic, domin suna wanke maganin da ke hana ruwa shiga, suna kuma raunana zaren ɗinki. Fetur da kalanzir ma a nisanta su, suna busar da roba har ta fara tsagewa.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne: bushewa. Kada ka ninke tamfol sai ya bushe ƙayau ciki da waje, musamman bakin ɗinki da lungunan da aka ninka biyu, don nan ne damshi ke ɓuya. Idan dole ta sa an kwashe shi a jiƙe, to washegari da safe a baza shi, kada a ce sai an huta. Kwana kaɗan ya isa funfuna ta fito, ta bar baƙaƙen ɗigo da wari, a na auduga kuma ta ruɓar da zaren kansa. Ko ba a yi ruwa ba, raɓar asuba kaɗai ta isa ta jawo haka.

Kana shanya kana dubawa. Ƙaramar huda a yi mata faci nan take da ƙyallen irin tamfol ɗin da gam ɗin da ya dace da shi, a yanka facin da kusurwoyi masu zagaye don kada ya ɗago, a manna ciki da waje. Ɗinkin da ya fara warwarewa da idon da ake zura igiya a ciki idan ya fita, a kai wa maɗinkin tamfol. Ƙarafa kuma a kankare tsatsarsu da buroshin ƙarfe a shafa fenti, domin tsatsa da kaifin walda su ne ke yaga tamfol a inda ya kwanta a kansu.

Wajen ajiya, naɗewa ta fi ninkewa, domin layin da ake yawan karyawa a wuri ɗaya shi ne ke fara tsagewa. Da sanyin safiyar hunturu roba takan yi tauri, sai a jira rana ta ɗan taɓa ta kafin a naɗe. A saka a buhu mai shan iska, a ɗora a kan katako ko benci a ɗakin da ba ya yoyo, ƙarafa da turaku a wani ɗauri daban. Idan zai daɗe a ajiye, a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a duba ko ɓeraye ko gara sun shiga, a shanya shi na ɗan lokaci a mayar.