Manhajar Haɗa Sauti: Da Wacce Za Ka Fara?

Ni da VCV Rack na fara, kuma ita nake nuna wa kowa, don kyauta ake sauke ta. Ta fito a 2017, tana kwaikwayon akwatunan haɗa sauti na zahiri da ake kira Eurorack: ƙananan na'urori jere a allo, kai ke jona su da waya kamar mai gyaran rediyo.

Kada ka yi haɗama irin tawa. Makon farko na tara na'urori rututu, ban fitar da sauti ko ɗaya mai daɗi ba. Huɗu ne ginshiƙai: VCO mai haifar da sauti, VCF mai tace shi, VCA mai ɗaga shi da sauke shi, sai ADSR da ke tsara yadda zai tashi ya mutu. Jona VCO cikin VCF, VCF cikin VCA, VCA cikin Audio, wadda ke kai sauti ga lasifika. MIDI-CV ce za ta kawo umarni daga madannai. Murɗa abu ɗaya kawai, ka kasa kunne, sannan na gaba. Amma rage ƙara tukuna, ni kunnena ya ji a jikinsa.

Pure Data ma kyauta ce, sai dai farin allo za ta miƙo maka, sai mai haƙuri. Ableton Live da Bitwig Studio na kuɗi ne, amma sun fi sauƙin sarrafawa gaban jama'a.

Kafin ranar wasa, buga shirinka sau uku a gida ba tsayawa. In sauti na kakkatsewa, ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci ɗaya, zuwa 256 ko 512. Kashe intanet, ka cika batir, don an taɓa ɗauke mini wuta ana tsakiyar rawa.